Waƙar Kalmet a Kan Dutse

Kifi ya shigo ranar Asabar. Tun da hantsi ruwan bakin gari ya yi baƙi yana tafasa, yadda yake yi sau ɗaya a shekara. Kalmet ya hango daga ƙofar coci, sandunan ganga a hannunsa, ya haɗiye yawu.

Rabin mutanen tsibirin 'yan Asabar ne, masu hutu da zuwa coci ranar Asabar, rabi 'yan Lahadi. Kalmet ɗan Asabar ne, shi ke buga gangar itace ta kiran sujada tun yana da baƙin gashi. In aka kama shi yana aiki a ranar hutu, ganga ta bar hannunsa ke nan. Kuma shi ne ke tsayawa kan dutse in an shiga ruwa da doguwar igiyar ganyen kwakwa, ya nuna wa maza inda za su ja da inda za su rufe. In ba shi, kifi wucewa yake.

Toara, ƙanin matarsa, ɗan Lahadi, ya same shi a bayan coci.

"Mijin Yaya, Allah ya aiko, ko idon ya fara mutuwa?"

"Ya aiko a ranar da ba ta dace ba."

"Sai ka je ka gaya masa. Mu dai ga igiya, ga maza. Babban kaso naka ne, kamar kullum."

Kalmet ya koma cikin coci. Da aka tashi sujada ya je wurin Fasto Bule, sabon mai wa'azin da mishan ta turo daga wani tsibiri, saurayi mai farar riga.

"Fasto, cocin ya yi zafi. Mu kai waƙa bakin teku, 'yan Lahadi su ji ko Allah zai shirye su."

"Madalla, Baba."

Aka jera mata da yara a kan yashi. Kalmet ya hau dutse don kowa ya ga hannunsa. Sai dai bayansa ya ba mawaƙa, fuskarsa ga ruwa, inda mazan 'yan Lahadi suka riga suka shiga da igiya. Aka ɗauki waƙa. Ya ɗaga dama, mazan dama suka ja. Ya miƙa hagu, na hagu suka zagaya. Matarsa Leisale ta ce wa ta kusa da ita, "Yau Ruhu ya sauka a kan tsohon nan." Waƙa ta ƙare, kifi bai gama shiga ba, ya daka tsawa: "A sake!" Sai da muryoyi suka dushe ya tafa hannu biyu, igiya ta rufe.

Kifi ya taru a yashi tsibi-tsibi. Toara ya shiga rabo, ya ware babban kaso, sannan ya dubi Fasto, ya dubi Kalmet, ya yi wani irin murmushi.

"Mijin Yaya, al'ada ce, wanda ya yi aiki shi ke da kaso. To ka yi aiki, ko waƙa ka yi?"

Kalmet ya dubi kifin, manya, suna ta bugun yashi da wutsiya. Ya dubi sandunan da ke soke a ƙugunsa.

"Waƙa na yi."

"Ka ƙara faɗa, kunnena ya sha ruwa."

"Waƙa na yi, ɗan banza!"

"To Allah ya ba da lada." Toara ya kwashe kason ya zuba a nasa kwandon. Leisale ta bi shi tana cewa ita ta goya shi, ita ta wanke masa kashi, bai ko waiwayo ba.

Jama'a suka watse. Kalmet ya zauna kan dutse yana duban ruwa. Fasto Bule ya zo ya tsaya gefensa, hannu a baya.

"Baba, gobe da asuba akwai addu'a. Ka buga mana ganga."

"To."

Fasto ya yi taku biyu, ya tsaya.

"Ubana ma mai hawa dutse ne a garinmu. A baiti na uku hannunka na hagu ya makara. Rabin kifin ta can ya fice."