Raƙumar Lukuman

Lukuman na ɗaure tiyon roba a gefen gilashin gaba lokacin da Garba mai walda ya zagayo motar, yana goge hannu da tsumma.

"Wagga aba ta tashi daga mota, ta koma raƙuma," in ji Garba. "Tayoyin a-kori-kura, salansa bisa rufi. Saura ka saya mata akala."

Lukuman bai yi dariya ba. Ita ce 'yar motar da yake haya da ita daga Gwandu, a cikinta kuma aka kawo masa amaryarsa Fatiha. Tun faɗuwar ruwan fari yake yankanta yana ɗaga ta. Ya cire kujerar baya, ya shimfiɗa katifa. Tiyon nan shi ne hancin injin, don ya sha iska daga sama in ruwa ya kai wa motar ƙirji. A ƙofar direba ya ja layi da jan fenti, iyakar zurfin da za ta iya ketarewa.

Fatiha tana gidan iyayenta a wani ƙauye bayan Diggi, ta je goyon ciki na haihuwar fari. Kafin ta tafi, likita ta duba hoton cikin, ta ce ɗan a gicciye yake, kada a kuskura a haihu a gida. Su biyu kaɗai suka ji. Jiya ta bugo waya, murya can ƙasa, ta ce kunya ta hana ta faɗa wa innarta, ga ruwa ya fara cin hanya.

Ya ratsa Kalgo da hantsi, 'yan acaba na nuna shi suna shewa. Bayan Diggi hanya ta zama laka zalla. Motar ta yi ta gurnani tana jefa taɓo sama, amma ba ta kafe ba. A mashigin rafi ruwa ya taso, ya tsaya tafin hannu ƙasa da jan layin. Da ya haye, ya kifa goshi a kan sitiyari, idanunsa suka cika.

Ya tarar da surukinsa Malam Tambari a zaure. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Baba, likita ce ta ce kwanciyar cikin ba daidai take ba."

Tsohon ya kawar da kai, ya dubi carbinsa. "Lukumanu, ni da kai ba mu yin wagga magana. Bari a kira innarta."

Inna Jummai ba ta shigo ba. Daga bayan asabarin ƙofar cikin gida ta saurare shi har ya gama.

"Ungozoma ta shafa, ta ce zai juya da kanshi," in ji ta. "Ɗiya a ɗakin uwarta take haihuwar fari. Mi za mu ce ma mutane? Mun kasa riƙonta?"

"Inna, ruwa ne. In ya ƙaru ko motar ba za ta fita ba."

"To, ga ta nan, a tambaye ta."

A ƙarƙashin asabarin ya ga ƙafafu biyu sun matso, a kumbure, lallen jikinsu ya koɗe. Ya san su kamar yadda ya san tafin hannunsa.

"Ke, akwai abin da ke damunki?" Inna ta tambaya.

Yatsun ƙafafun suka lanƙwashe cikin ƙasa. Mahaifinta na zaune, mijinta na durƙushe.

"Babu, Inna."

Malam Tambari ya raka Lukuman har gindin motar, ya shafa tayar yana jinjina kai. "Allah ya yi albarka, ka yi aiki. Yi sauri ka haye tun rafin bai cika ba."

Lukuman ya tuƙa har bakin mashigi, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ɗaya gaɓar, inda sawun tayoyinsa ya nufi Kalgo da asibiti. Sai ya kashe injin. Ya karyo reshen geza, ya gwada shi da jan layin ƙofa, ya yi masa tsaga da wuƙa daidai tsayin layin, ya naɗe wando ya shiga ruwa ya kafa shi a wuri mafi zurfi.

Wayarsa ta yi ƙara. Fatiha ce, tana raɗa. "Na ji motar ta yi shiru. Ka haye?"

"Ina nan wannan gefen. Ko yaushe kika ce, zan zo ƙofar gida."

Ya ji numfashinta, sannan wani ya kira ta, ta kashe.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Ya dubi reshen. Ruwan ya fara lasar tsagar. Ya buɗe bayan motar, ya kakkaɓe katifar, ya lulluɓe ta da leda don kada ta jiƙe.