Baitin Isowa

A unguwar Ridina, cikin birnin Injamena, babu wanda bai san Kaka Hanatu ba. Tana goye a bayan mahaifiyarta aka taso da ita daga ƙasar Katsina, cikin ayarin maniyyata masu tafiya Makka a ƙafa. Da suka ƙetare kogin Shari mahaifinta ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ayari ya wuce gabas, su kuwa suka zauna, zaman da ya zama na dindindin. Abin da ya rage musu na wannan tafiya shi ne waƙar begen Manzo da matan ayarin ke rerawa a hanya, kuma a shekarar dubu biyu da ɗaya Hanatu kaɗai ta rage da ita a ka.

Jikanta Salmanu makaɗin fiyano ne, yana da ɗan ɗakin ɗaukar murya a unguwar Kabalaye. Tun yana yaro yake jin waƙar idan kakarsa na shara, yanzu kuwa da ya ga ƙarfinta na raguwa, sai tsoro ya kama shi kada waƙar ta bi ta kabari.

"Amaryata, zo in sa ki a kaset," in ji shi, cikin wasan jika da kaka.

"Mijin da bai iya komai ba sai danna katako," ta ce. "Da wannan abin kiɗan biki za ka yabi Annabi?"

"Kaka, ai shi katakon ba ya zaɓen baki. Abin da aka koya masa shi yake faɗa."

Ta yarda da ƙyar. Ya kai ta ɗakin ɗaukar murya, ya zaunar da ita kan kujera, ya kunna gangar da ke cikin fiyanon, ta buɗe baki, waƙa ta ƙi fita. Ta sake gwadawa, baitoci suka sarƙe mata.

"Ya wiledi, ɗana," ta ce, tana surkawa da Larabcin Chadi, "wa ya ce maka a zaune ake yin ta? Waƙar ƙafa ce."

Washegari da hantsi ya kwaso kayansa zuwa tsakar gidan Ridina. Ta ɗauki sandarta tana zagaya bishiyar dalbejiya, shi kuma yana bin ta da makirfo. Kowane taku da kalmarsa. Salmanu ya sassauta gangar har ta daidaita da tafiyar tsohuwa, sannan ya shimfiɗa sautin fiyano a ƙarƙashin muryar, a hankali, kamar mai shimfiɗa wa baƙo tabarma. Tana rera:

"Rairayi ya ci sawuna, ya Rasulu,
Zuciya ta riga ni, tana ƙofarka."

Baiti bayan baiti, har ta tsaya cak.

"Kalas, shi ke nan," ta ce. "Saura na ƙarshe, ba kuwa zan yi shi ba."

Shi ne baitin isowa. A al'adar ayarin, ba ya halatta ga kowa ya rera shi sai wanda idonsa ya ga koriyar ƙubbar Madina. Mahaifiyarta ta koya mata shi rabe biyu: kalmomin da magana, karin kuwa da gunguni, baki a rufe. Haɗa su haƙƙin wanda ya isa ne. Ita kanta Hanatu ba ta taɓa jin su a haɗe ba.

Salmanu ya roƙe ta. Ya ce babu littafin da ya hana, ya ce likita ya riga ya hana ta doguwar tafiya, idan ta yi shiru baitin ya tafi ke nan.

"Na san ba shari'a ba ce," ta ce. "Alkawarin mutanen da suka mutu a hanya ne. Ba ni zan karya musu ba."

Ya dubi fiyanonsa. Can ya ce, "Shi wannan ba shi da harshe, Kaka. Yi masa gungunin."

Ta yi, yatsunsa suka ɗauka. Haka kaset ɗin ya fito: muryar tsohuwa daga farko, a ƙarshe kuma fiyano shi kaɗai yana tafe da kari, babu kalma ko ɗaya. Ya bazu daga Ridina har unguwar Butalbagar. Direbobin tasi Larabawa, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, sukan rage hira idan an zo wurin, su yi salati.

Gwaggon Salmanu, Bahijja, mai sayar da turaren wuta, ita ta samu kujerar Hajji a wannan shekarar. Kafin ta hau jirgi ta zauna gaban mahaifiyarta Hanatu ta karɓi kalmomin da magana. Karin kuwa ta riga ta haddace shi daga kaset ɗin da ke juyawa a rumfarta kullum.

Ranar da ta dawo, bayan idonta ya ga koriyar ƙubbar Madina, gida ya cika da masu barka da zuwa, ana rabon dabino da zamzam. Kaka Hanatu na kwance kan tabarma, ba ta iya zagaya dalbejiyar kuma. Salmanu ya jona makirfo, ya kunna kaset. Da muryar tsohuwa ta ƙare, fiyano ya shigo shi kaɗai, sai Bahijja ta miƙe, ta fara takawa, ta ɗora kalmomin a kan karin:

"Ga ni na zo, ban zo ni kaɗai ba,
Da gaisuwar waɗanda hanya ta riƙe."

Hanatu ta rufe ido, leɓunanta ba su motsa ba, sai dai ƙafarta da ke ƙarƙashin mayafi tana bin gangar.

Da aka gama ta yafito jikanta da hannu.

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka, Kaka."

"To, mayar da shi baya in ƙara ji. Ashe haka yake."