Ganyen Baba da Zumar Inna

Duk gidan an san Baba da ganyensa. Yankan wuƙa ne, ƙuna ce, gyambo ne, sai ya tsinko shi a bayan ɗaki, ya shanya, ya daka. Rigimarsa ɗaya da Inna: ita sai ta kwaɓa garin da zuma don ya zauna a kan ciwo, shi kuwa ya ce tana surka masa magani, tana gayyato tururuwa.

Da Autarsu ta fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje, Baba ya samu alƙali. Ya ƙulla mata garinsa zalla, ya ce, "Je ki auna, ki zo ki gaya wa uwarki." Inna kuwa ta jefa nata kwaɓin a jakar Auta.

Auta ta jiƙa garin, ta tace ruwan, ta shuka ƙwayoyin cuta a faranti biyu, ta ɗiga kowane magani a tsakiya. Ƙa'idar ba wuya: in magani na da ƙarfi, ƙwayoyin za su ja da baya, su bar fili kewaye da ɗigon. Washegari ta ɗaga farantin Baba. Ƙwayoyin sun mamaye shi har bakin ɗigon, kamar an kira su walima. Na Inna kuwa fili ne fetal. Ta gwada zuma ita kaɗai, sakamako iri ɗaya da na Inna. Ta binciki sinadaran ganyen ko za ta samo abin fita kunya. Ɗaci dai akwai, ba laifi.

Wayyo Auta! Mutumin da ya ɗaure mata kowane ciwo tun tana rarrafe, yau ita za ta kwance masa zani a kasuwa? Ƙarya kuma ba ta iya ba.

Ta same shi a tsakar gida yana daka. Ta durƙusa, ta nuna masa hoton farantan a waya, ta yi bayani murya ƙasa-ƙasa.

Baba ya daɗe yana kallo. "Wato zumar ce ke aikin?"

"A faranti dai ita ce, Baba."

Inna na bakin murhu, ta duƙufa tana fifita wutar da ke ci bal-bal.

Ya ajiye taɓarya, ya gyara murya. "To, a ganye na yi kuskure. Amma mai zumar, wa ya zaɓo ta?"

Sai ya tura turmin gaban Inna. "Zuba, likita. Ban da rowa."