Agogon Mushe Ya Yi Latti

A wace rana ce alhaki ya sauka daga wuyan Mushe Albarka ya hau wuyan Yazid? Ko Yazid kansa, wanda ya fi kowa juya maganar a ransa, bai iya nuna ranar ba. Abin da aka sani dai, ranar Laraba ce tsohon ya zo shagon karo na uku, rungume da ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, naɗe cikin tawul, kamar mai kai jariri likita.

Shagon Yazid yana bakin hanyar tasha a Filinge. Gyaran waya da ordinatar yake yi, a rumfar gaban shagon kuma abokansa ke shan shayi. Ibrah mai kabu-kabu ne ya fara hango tsohon.

"Ga Mushe nan tahe."

"Shi ya sa tun ɗazu nika ganin ungulu bisa iccen can," in ji Yahaya tela.

Aka fashe da dariya. A ƙasar nan Mushe ake ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko, amma bakin da ke son cuta ya san ɗaya ma'anar kalmar. Tsohon ya ji. Ya yi sallama kamar bai ji ba, ya ja ƙafarsa mai kumburi har gaban tebur, ya kwance tawul.

Yazid ya kunna injin, ya haɗa shi da rezo, wato sabis ɗin sadarwa, ya buɗe intanet. Farin shafin nan ya sake fitowa da rubutunsa: Votre horloge est en retard.

"Ka gani?" in ji Mushe. "Wai agogona ya yi latti." Ya janye hannun riga ya nuna agogon ƙarfe da ke yawo a tsintsiyar hannunsa don rama. "Shekara talatin da huɗu ina aiki, ban taɓa shiga aji bayan ƙararrawa ba. Da sahen ga na daidaita shi da rediyo. Wane latti?"

Yazid ya san wane latti. Tun ranar farko ya gani, a can kusurwar gilashin, inda idon tsohon ba ya kaiwa: ɗaya ga watan Janairu, 2012. Injin ma yana da nasa agogon a ciki, da ƴar pil, wato ƙaramin batir mai faɗin kwabo, da ke riƙe masa lissafin kwanaki. Pil ɗin ta mutu, injin ya koma shekarun baya, shi ya sa kowane shafi ke rufe masa ƙofa. A rubuta masa kwanan watan yau, shi ke nan, komai ya buɗe. Aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ɗaya ba. Ƴan pil ɗin ma akwai su a aljihun teburin da tsohon ya dafa.

"Birus ce, cutar inji," in ji Yazid. "Babba. Sai an bi ta a hankali."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan su Yazid da na Mushe, amma ba a nan sanayyarsu ta fi zurfi ba. Yazid yana ɗan shekara tara, a aji uku, Mushe Albarka ne malaminsu. Lokacin akwai sambol: ƙashin muƙamuƙin jaki ɗaure da igiya, wanda ake rataya wa duk yaron da aka kama yana Hausa a lakwal. Wata safiya fitsari ya matsi Yazid, faransancin neman izini ya ɓace masa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, hitsari." Aka rataya masa ƙashin. Mushe ya ce ba zai fita ba sai ya faɗa daidai. Ya tsaya a gaban allo yana laluben kalmomi har ruwan ya bi ƙafarsa ya kwanta a siminti, yara saba'in suna kallo. Bai gama wannan shekarar ba ya bar lakwal. Abin da ya iya na injuna, a Yamai ya koya shi kaɗai, yana farke matattun wayoyi.

"Ɗana, ba ni da lokacin a hankali," in ji Mushe. Ya zauna a kan benci, ya sassauta murya, amma ƴan rumfa sun riga sun miƙa kunne. "Na gaya maka, saƙo nika jira."

Duk unguwa ta san saƙon wa. Samiratu, ɗiyarsa tilo, tana aikin jinya a ƙasar Beljik. Shekarar da uwarta ta rasu ta rubuto masa doguwar takarda daga Yamai, tana kuka a cikinta. Mushe ya ɗauki jan biro ya gyara kurakuran faransancin, ya sa mata shida bisa ashirin, ya mayar mata. Shekara goma sha ɗaya ke nan bai ji muryarta ba. Bana da ciwon suga ya kwantar da shi, ya samo adireshinta na mel, wato wasiƙar intanet. Wani malami ya buɗe masa akwati a cikin injin nan, ya rubuta mata neman gafara. Kod ɗin buɗe akwatin, wato kalmar sirrin, a cikin injin yake ajiye. Malamin an mai da shi garin Sanam, da aka kira shi ya ce shi ma ya manta. Ba waya, ba wani inji a duniya da zai buɗe akwatin nan sai wannan.

"To ka dawo gobe," in ji Yazid.

"Jiya ma gobe ka ce. Yazid, s'il te plaît..."

Yazid ya ɗaga hannu. Wani abu mai sanyi da daɗi ya ratsa shi.

"A shagon ga Hausa aka yi, Mushe. Doka ce."

Ya sunkuya cikin kwalin tarkace ya zaro mataccen ɓeran ordinatar mai doguwar waya, abin nan da ake motsa kibiyar gilashi da shi. Ya ƙulle bakin wayar, ya zagayo tebur, ya rataya wa tsohon a wuya. Ɓeran ya sauka a kan farar rigar, yana lilo.

Sai Yahaya ya tuntsire, Ibrah ya bi shi, amma dariyar Ibrah ba ta yi nisa ba.

Mushe ya shafa abin da yatsu. "Sambol ke nan."

"Ashe ka tuna."

"Na tuna dokar. Ba a cirewa sai an kama wani."

"Ni hwa? Ka tuna ni?"

Tsohon ya ɗago idanunsa da suka fara yin fari, ya daɗe yana dubansa. "Kai ɗan marigayi Musa ne, maƙwabcina."

"A aji nika nuhi."

"Yara sun hi dubu da sunka bi ta hannuna, ɗana. Na buge ka ne? In na buge ka, don ka zama mutum ne. Ga shi kuwa ka zama."

Da a ce ya yi kuka, ko ya yi zagi, wataƙila da Yazid ya jawo injin ya gama aikin a take. Amma shekara talatin yana ɗauke da safiyar nan, mutumin da ya yi ta kuwa ko inuwarta bai riƙe ba. Yazid ya koma bayan tebur ya ɗauki wayar wani ya shiga kwancewa.

Mushe bai tashi ba. Ya zauna a benci da ɓera a ƙirji, hannuwa bisa gwiwa, baya a miƙe. Masu kawo cajin waya suka yi ta shigowa. Wasu tsofaffin ɗalibansa ne, su gaishe shi su kau da ido. Wata mata ta tambayi Ibrah a hankali ko tsohon ya taɓu ne. Zafin bazara ya sauko daga kwanon rumfar, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Sai da aka kira azahar ya cire abin da kansa, ya naɗe wayar tsaf, ya ajiye a kan tebur.

"Gobe?"

"Gobe."

Bai zo gobe ba. Ranar Juma'a ƙanwarsa Delu, gwauruwar da ke riƙe masa gida, ita ta kawo injin a kai, cikin kwano.

"Yazidu, ƙahwar ta hana shi tashi. Don darajar uwarka da munka zauna lahiya, ka duba mishi abin ga. Ko hura ba shi sha, sai ya ce a ba shi injin."

"Kayan gyaran sai daga Yamai, Inna."

"Yaushe za su zo?"

"Sai na aika."

Ta tsaya tana dubansa. Delu ba ta san komai game da injuna ba, amma ta san Yazid tun yana rarrafe. Ta mayar da kwanon kanta ta tafi, don tsohon ba ya yarda injin ya kwana nesa da shi.

Daga nan kullum da hantsi, kafin Yazid ya fita, sai ya ji ƴar ƙarar da injin ke yi in an kunna shi, tana tsallako katanga. Shiru ya biyo baya. Sannan tari. Yazid yakan tsaya da buta a hannu har tarin ya ƙare. Ba ya nufin hana shi har abada, haka yake gaya wa kansa. Kwana uku ya wahalar da shi, sai ya ga uku ba su kai safiyar nan ba. Bakwai ma ba su kai ba. Ya yi ta neman adadin da zai yi daidai, bai samu ba.

Ya sa wa kansa Lahadi. Lahadi kuwa ranar kasuwa ce, mutanen Bonkuku da ƙauyuka suka cika shagon da fasassun wayoyi, ya ce bari sai an natsa. Ibrah ya tare shi ranar Talata.

"Wai abin nan na tsoho, da gaske ba shi gyaruwa?"

"Kai ka iya, je ka gyara."

"Allah ya ba ka haƙuri."

Wata Lahadin ta zo ta wuce. Ranar Litinin da hantsi Yazid ya tsaya da buta yana jiran ƙarar injin. Salatin Delu ya ji.

Shi ne maƙwabci mafi kusa, shi ya fara shiga. Mushe yana kwance a gefensa na dama, fuskarsa wajen injin da ke rufe a kan kujera. Da Yazid aka yi wanka, da kafaɗarsa aka ɗauki makara. A maƙabarta wani tsohon darektan lakwal ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"An ce kwanakin nan kullum shina shagonka. Allah ya saka maka. Ɗalibi na ƙwarai shi ka tuna malaminshi."

Yahaya tela yana tsaye kusa, ya duƙa yana kakkaɓe takalminsa.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, Delu ta aika a kira shi. Ta kai shi ɗakin marigayin. An naɗe katifa, an jingine ta da bango. Littattafai jere a kan katako, kwalaben magani a ƙasa.

"Ɗauke abin ga," ta ce, ta nuna injin da haɓa. "Ka sai da ko ka yar. Ba ni son ganin shi. Har daren ƙarshe sai da ya sa na buɗe mishi, ya ce in duba ko rubutun ya canza. Ni da ban san ko bihim ba."

Yazid ya ɗauki injin. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Sai ya dawo ya zauna a kan tabarma, ya ɗora shi a cinya, ya buɗe. Ƙarar nan ta tashi, Delu ta rufe ido.

Ya haɗa shi da rezon wayarsa. Ya taɓa kusurwar gilashin, ya goge 2012, ya rubuta shekarar da ake ciki, da wata, da rana. Ya sake buɗe shafin. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, rezon na jan ƙafa, sannan akwatin ya buɗe da kansa.

Saƙo ɗaya ne a sama, da baƙin rubutu mai kauri, ba a taɓa buɗe shi ba. Samiratou Albarka. Ya dubi kwanan watan. Kwana goma sha shida ke nan da isowarsa.

"Ya gyaru?" in ji Delu. "Kayan sun zo daga Yamai?"

Yazid ya buɗe saƙon.

"Yazidu, mi a ciki?"

"Samiratu ce."

Delu ta zube a kan tabarma kusa da shi, ta kama gefen zanenta. "Karanta."

Da Hausa ta rubuta, layi biyu. Ya karanta, muryarsa kamar ta wani:

"Baba, na gani. Ban iya rubuta abin da ke raina ba. Aiko mini lambarka in kira ka ran Lahadi."

A tsakar gida wata mata tana kankare tukunyar sadaka. Can sai Delu ta miƙe da kyar, ta laluba aljihun rigar marigayin da ke rataye a ƙusa, ta fito da ƴar ƙaramar wayarsa mai maɓallai. Lambar na rubuce a wata ƴar takarda da aka manna a bayanta, da kyakkyawan rubutun malami. Ta ajiye wayar a gaban Yazid.

"Rubuta mata. Ni za ni ɗauka."

Yazid ya jawo wayar kusa, ya sa yatsa ɗaya a kan maɓallan injin, ya fara buga lambobin ɗaya bayan ɗaya.