Ɗan Ƙasar Wa Ne Fermín?

Ni dai ban taɓa buɗe baki na ce wa kowa ni ɗan Chile ne ba. Ban kuma taɓa cewa ni ɗan Uruguay ne ba. Ina so a san wannan tun farko, domin har yau akwai masu yi mini kallon maƙaryaci a unguwarmu ta Fairfield.

A nan Sydney aka haife ni. Mahaifiyata 'yar Peru ce, tana aiki a masaƙa, tun da sassafe take fita, don haka a gidajen maƙwabta na tashi. Yau ina gidan 'yan Chile, gobe ina gidan 'yan Uruguay, duk inda aka samu mai riƙe ni. Duka Sifaniyanci ake yi, amma kowane gida da irin bakinsa. 'Yan Chile sauri suke yi, suna haɗiye ƙarshen kalma kamar za a ƙwace musu ita. 'Yan Uruguay ja suke yi kamar masu waƙa, kuma inda kowa ke cewa "yo", wato ni, su "sho" suke cewa. Ban yi nisa a makaranta ba, amma kunnena yana da riƙo. Duk wanda ya yi mini magana, da irin bakinsa nake mayar masa, ko ban yi niyya ba.

Ranar da na fara shiga shagon burodin Doña Hortensia, wata 'yar Chile, gaisuwa kawai na yi. Ta ajiye faranti ta ƙura mini ido.

"Tsaya, kar ka faɗa mini!" in ji ta. "Valparaíso. Daga can saman tudu. Na yi ƙarya?"

Na yi murmushi. Tsohuwa ce mai ji da kunnenta, ban ga dalilin ɓata mata rai ba. Ta ƙunsa mini empanada biyu da na saya, burodin nan mai nama da albasa a ciki, ta jefa ta uku gyara. "Wannan ta 'yan gida ce, ɗana."

Shago huɗu a gaba akwai Don Atilio mahauci, ɗan Uruguay. Shi ma haka aka yi. Na ce a ba ni haƙarƙari, ya daki katako da wuƙa ya ce, "Montevideo! Daga jin muryarka. Zo nan, ɗan ƙasa." Ya ƙara mini tsoka, ya miƙo mini ƙoƙon shayinsa mai ɗaci na zuƙa da tsinken ƙarfe.

Shekara uku ina cin gyara hagu da dama. Abin da ya rufa mini asiri shi ne su biyun ba sa ga-maciji, tun wata rigima da suka yi kan wurin ajiye mota a bayan shaguna. In ta hango shi sai ta tsallaka titi.

Bara na bar aikin wankin mota. Na sayi babban kasko, mahaifiyata ta koya mini picarones, wainar kabewa da dankali da ake tsiyaya wa ruwan rake. Burina in samu rumfa a bikin watan Satumba, wanda ƙungiyar masu jin Sifaniyanci take yi a filin shaƙatawa. Wanda ya yi suna a wannan biki, duk shekara za a riƙa kiransa bukukuwan suna da na aure. Rumfa ɗaya ta rage, mu biyu muke nema, ni da wani mai sayar da balan-balan. Aka ce kowa ya zo gaban kwamiti ranar Asabar da la'asar ya yi bayani.

Ban tambayi su wane ne kwamitin ba. Da na tura ƙofar zauren, da farantin waina a hannuna, sai na ga tebur mai kujera uku. Doña Hortensia a wannan ƙarshe, Don Atilio a wancan, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. A tsakiya Don Severino sakatare, tsohon malami daga Sifaniya, wanda yake magana da harshe tsakanin haƙora, kuma yake ganin duk Fairfield babu mai iya Sifaniyanci sai shi.

Su biyun suka ɗaga mini hannu lokaci guda. Na ɗaga hannu saitin tsakiya.

"Sunanka?" in ji Don Severino.

"Fermín." Wannan dai kowa iri ɗaya yake faɗinsa.

"Me za ka sayar?"

Na tura farantin gabansa.

"Na ga faranti. Tambayarka na yi."

Na yi tari, na nuna maƙogwarona.

"Ka ƙyale yaro, malam," in ji Doña Hortensia. "Kunya ce. Haka yaran garinmu suke a gaban manya."

Don Atilio ya juyo a hankali. Rabon da ya yi mata magana an daɗe. "Garinku? Wane garin naku, baiwar Allah?"

"Valparaíso mana. Ko an canza masa suna ne ban ji ba?"

Ya fashe da dariya har ƙoƙon shayinsa yana rawa. "Tsufa ya taɓa miki kunne. Wannan yaron namu ne, kamar an yanko shi daga bakin kogin Montevideo."

"Kai dai tsaya kan shanunka. Mutane ba fanninka ba ne." Ta waiwayo kaina, muryarta ta yi laushi. "Ɗana, ka ci abinci kuwa yau?"

Na so in gyaɗa kai kawai. Amma bakina bai taɓa neman shawarata ba. Kafin in ankara na amsa mata da sauri, na haɗiye rabin kalmomin, kamar jiya na sauko daga saman tudun nata.

Ta buɗe hannuwa. "To! Kun ji dai."

"Fermín," in ji Don Atilio, fuskarsa ta soma canzawa, "haƙarƙarin da na ba ka ran Talata, ya yi laushi?"

Na ce ya yi laushi ƙwarai, ni da kaina na gasa. Na ja maganar kamar waƙa, "sho" ɗin nan ya fito tas, kowa ya ji shi.

Don Severino ya cire tabarau ya goge. "Samari," ya ce, "wasa ka zo yi da mu ne?"

Nan ne na ƙarasa kaina. Na ce masa a'a, ranka ya daɗe, ina neman afuwa. Sai da na rufe baki na ji abin da na yi. Harshena yana tsakanin haƙora, muryata ta koma tasa sak, har da ɗan kaurin nan na maƙogwaro. Mai balan-balan da ke jira a benci ya tuntsure da dariya.

Na ga rumfa ta tafi. Tunda ta tafi, sai na faɗi gaskiya. Na ce mahaifiyata daga Peru take, ni kuma a asibitin nan na bayan tashar jirgi aka haife ni, ban taɓa taka ko ɗaya daga ƙasashensu ba. Na ce bakina ne haka, bin mutane yake yi. Ban san da wane irin baki na faɗi wannan ba, ina jin duk sun cakuɗe.

Na ɗauka Doña Hortensia za ta jefe ni da jakarta. Ta daɗe tana kallona. Don Atilio kuwa ita yake kallo, murmushi yana neman ƙwace masa, ya manta shi ma an yi masa. Ta lura da murmushin. Na ga ta gyara zama.

"Shekara arba'in ina ƙasar nan," ta ce, "kunnena bai taɓa kuskure ba. Kai, da uwarka tana wurin aiki, wa yake riƙe ka?"

"Litinin da Alhamis, Doña Fresia."

"Fresia mai ɗinki? Marigayiya?" Ta daki tebur. "'Yar Valparaíso ce, daga saman tudu! Me na ce? A hannunta ya koyi magana. Ɗanmu ne."

"A'a, dakata," in ji Don Atilio. "Sauran ranakun fa?"

"Talata da Laraba da Juma'a, gidan Don Heber."

"Heber ɗan unguwarmu a Montevideo! Kwana uku, Hortensia. Naku biyu. Ko lissafin ma ya gagare ki?"

"Kwana biyu a hannun mace mai hankali sun fi shekara a gidan masu shan ganye da tsinke."

"Masu shan ganyen ne suka koya masa faɗin kalma har ƙarshenta!"

Don Severino ya yi ta buga biro a tebur. Ya ce shi dai bai yarda ba, yaron da yake kwaikwayon manya a gabansu bai cancanci rumfa ba, kuma tun farko da an bar tarbiyyarsa a hannun masu iya harshen da ba a kai ga haka ba. Wannan maganar ce ta haɗa kansu. Su biyun suka juyo masa tare.

"Wato mu ba mu iya ba ke nan?" in ji Doña Hortensia.

"A kaɗa ƙuri'a," in ji Don Atilio. "Ni na ba ɗan ƙasata."

"Ni ma na ba ɗan ƙasata," in ji ta, tana harararsa.

Biyu da ɗaya. Don Severino ya rubuta sunana yana ƙunƙuni, ya jawo farantin ya ɗauki waina, ya ce zai duba ne ko ta dahu. Na ba mai balan-balan haƙuri a bakin ƙofa. Ya ce ba komai, dariyar da ya yi ta ishe shi. Ɗan Kolombiya ne, don haka na yi masa godiya da hannu kawai.

Ranar biki aka sa rumfata tsakanin tasu, kowa ya kasa kunne ya ji da wane baki zan kira masu saye. Mahaifiyata ta zo taimaka mini, ta ɗaura ƙaramar tutar Peru a jikin sanda. Can da rana ta yi sama Doña Hortensia ta leƙo. Ta dubi tutar, ta gaisa da mahaifiyata, ta karkatar da kai tana sauraron amsarta.

"Ke kika haifi yaron nan?"

"Ni ce, Doña."

"Kuma kika ce daga Peru kike?"

"Daga Tacna."

"Tacna! Ai bakin iyakar Chile ne." Ta ɗaga murya yadda mahauci zai ji. "Ni fa na ji wani abu a muryarki. Ki bincika da kyau, 'yata, kakarki daga wajenmu ta tsallaka."

Mahaifiyata ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina juya waina a cikin mai. Sai ta ɗauki guda uku masu zafi, ta tsiyaya musu ruwan rake, ta miƙa wa tsohuwar, ta ce mai yiwuwa ne, za ta tambaya.