Ranar da Malam Zadok Ya Daina Tambaya

Duk Jimeta babu mijin da ya kai Malam Zadok tambayar matarsa abin da take so. Ranar aurensu fasto ya ce masa ya riƙa shawara da iyalinsa, shi kuwa bawan Allah ya riƙe maganar kam, kamar darasin lissafin da yake koya wa 'yan firamare.

Matar, Liyatu, ungozoma ce a asibiti. Tun da aka yi Jihar Arewa maso Gabas aka kwashi ma'aikata zuwa Maiduguri, aiki ya dawo kanta. Daga safe har la'asar bakinta ake kallo: wannan a jira ko a kira likita, waccan a sallame ta ko a kwantar. Ta dawo gida ƙafa a kumbure, sai ta tarar da Malam a bakin ƙofa yana murmushi.

"Sannu da aiki, Maman Keturah. Kifi zan sayo ko nama? In kifi ne, ɗanye ko banda? Af, labulen nan fa, shuɗi za a sa ko mai fure?"

"Duk wanda ka ga dama, Malam."

"A'a, ke dai faɗi. Ai gidanki ne."

Kai, ƙauna ma wani lokaci gajiyar da mutum take yi!

Sannu a hankali Liyatu ta fara makara. A tashi aiki da la'asar, ba za ta shigo ba sai rana ta yi ja, ta amsa gaisuwa a gajarce ta shige ɗaki. Hankalin Malam ya tashi. Tsoro ya kama shi sosai, yana ganin matarsa ta gaji da shi, alhali ko murya bai taɓa ɗaga mata ba.

Ran nan ya laɓe kusa da asibiti, ya biyo ta daga nesa yana jan kekensa. Sai ga ta ta shiga gidan Hajja Baraka, tsohuwar da ke sayar da dakkere da kindirmo a bakin layinsu. Ya leƙa ta zaure. Hajja ko sannu ba ta ce ba. Tabarma ta shimfiɗa, ta dama dakkere ta tura mata ƙwarya, ta koma kan tankaɗenta. Liyatu ta shanye, ta kishingiɗa, fuskarta ta sake. Rabon Malam da ganin wannan fuskar har ya manta.

Hajja ta hango shi ta yafito shi. Ya matso ya yi ƙasa da murya, "Hajja, ita ta ce dakkere take so?"

"Wa ya tambaye ta, ɗana?"

Malam ya koma gida jiki a sanyaye.

Kashegari da aka tashi makaranta ya gangara bakin Binuwai wajen masu kifi. Nan ya gane kurensa. Ga tarwaɗa, ga ragon ruwa, ga karfasa, ya tsaya yana zufa har mai kifi ta ce, "Malam, saya za ka yi ko jarrabawa kake ba su?" Ya runtse ido ya nuna tarwaɗa. Ya dawo ya ɗora miya irin ta zamanin gwaurancinsa, ya rataya shuɗin labule, ya hau keke sai ƙofar asibiti.

Da Liyatu ta fito, bakinsa ya so ya ce "za ki hau?" Ya haɗiye, ya buga kariyar bayan keken da tafin hannu.

"Hau."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta hau. Suka wuce gidan Hajja, yana tsoron kada ta ce ya tsaya. Ba ta ce ba.

A gida ya ajiye mata ruwan ɗumi a bayi, ya kawo tuwo. Gishiri ya yi wa miyar yawa, gaskiya a faɗe ta. Tambayoyi suka yi layi a maƙogwaronsa, ya danne su ɗaya bayan ɗaya. Ta ci, ta wanke hannu, ta ɗaga kai.

"Malam, labulen nan muni gare shi."

"To in canz…" Ya kama bakinsa.

"Kada ka taɓa shi." Ta matso ta jingina da kafaɗarsa. Can ta ce, "Yau wani jariri ya zo bai yi kuka ba. Likita ba ya nan, kowa ni yake kallo. Na yi ta hura masa iska, sai ga shi ya canyara kuka. Na ji tsoro, Malam. Kullum ina jin tsoro."

Tun da suke tare ba ta taɓa ba shi labarin asibiti ba. Yanzu ya ga dalili: bai taɓa yin shiru ba. Idonsa ya cika, ya riƙe hannunta.

"Gobe ma zan zo in ɗauke ki," in ji shi. Bai ce "ko kuwa?" ba.