Kogin da Ya Bar Wurinsa

A gida Mai Tone-tone ƙannenta suke kiranta, alhali ko shebur ba ta taɓa riƙewa ba. Tana aji uku a jami'a, inda ake koya musu gano tarihin wuri daga shatin da mutane suka bari a ƙasa: kufai, tsohuwar hanya, iyakar gona. Aikinta duk na taswira ne da tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama.

Kakarta ce kaɗai ba ta yi wa karatun dariya. Shekara hamsin ke nan da aka tashe su daga ƙauyensu, aka baje shi ya zama gonaki. A bayan gidansu ta baro kabarin ɗanta na fari, wanda ya rasu yana wata bakwai. Ba ta da burin da ya wuce ta tsaya a kansa kafin ta mutu.

A ɗakin taswira yarinyar ta samo hoton ƙauyen tun yana tsaye. Ta ɗora shi a kan sabuwar taswira a kwamfuta, ta daidaita su da kwanar kogi, har gidan ya fito. Murna kamar ta tashi sama. Ranar Asabar ta ɗauki tsohuwar a mota, suka ratsa gona a hankali, ta nuna mata wurin. Kaka ta durƙusa da ƙyar, ta damƙi ƙasa ta duba, ta daɗe tana addu'a hawaye na zuba.

Bayan mako biyu malaminta ya duba aikin.

"Da me kika daidaita hoton?"

"Da kogi, Malam."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Haba 'yata. Kogi ai ba ya zama wuri ɗaya. Cikin shekara hamsin ya ci wannan gaɓa ya bar waccan. Dutse ake kamawa, ko gada."

Da ta gyara, gidan ya matsa mita ɗari huɗu, ya faɗa ƙarƙashin babban titin da manyan motoci ke bi. Ta zauna tana kallon allon har ya mutu da kansa. Kunya da baƙin ciki suka hana ta motsi.

Kwana uku tana kewaye-kewaye. Ran na huɗu ta tarar da kakar tana ninke kaya a bakin gado.

"Kaka, wurin nan da na kai ki, kuskure na yi. Ba nan ba ne."

"Na sani, 'yar nan. Ƙasar gidanmu ja ce, waccan kuwa baƙa. Na ga kin sha wahala ne, na ce bari in yi masa addu'ar a nan." Ta ajiye zanen da ke hannunta. "To yanzu kin gano na gaskiyar?"

"Na gano."

"Alhamdulillahi. Tashi mu je tun ƙafafuna suna ɗaukata."

Yarinyar ta tsaya tana tuna babban titin nan da ya bi ta kan kabarin. Tsohuwar kuwa har ta sunkuya tana laluben takalminta a ƙarƙashin gado.